Karatun share fage a kwalejin al'umma ta Amurka: yadda ɗan talaka zai bi ta cikinsa ya kai jami'a

Abin da ya kamata sabon ɗalibi ya fara dubawa a takardar rajistarsa shi ne lambar da ke jikin sunan kowane darasi. A yawancin kwalejojin al'umma na Amurka, darasin da lambarsa ta fara da sifiri, kamar 090 ko 095, na share fage ne. Kuɗinsa ɗaya da na sauran darussa, za a yi zaman aji na wajen mako 15, a rubuta jarrabawa, amma ko kiredit ɗaya, wato ma'aunin nauyin darasin da ɗalibi yake tarawa idan ya ci, ba ya ƙarawa a kan kiredit 60 da ake nema kafin a ba da shaidar kammalawa. Wanda lambarsa ta kai 100 ko sama shi ne ake lissafawa. Ɗalibai da yawa sai sun cinye shekara guda kafin su gane wannan bambanci.

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnati mai karatun shekara biyu, kuma ƙofarta a buɗe take: duk mai takardar gama sakandare ko abin da ya yi daidai da ita za a ɗauke shi, babu gasar maki. Ta farko a irinsu ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Kuɗinta bai kai na jami'a ba ko kusa. A kwalejoji bakwai na jami'ar birnin New York, wato CUNY, irin su Bronx Community College da Hostos da BMCC da LaGuardia, mazaunin birnin yana biyan dala 4,800 a shekara idan yana cikakken karatu. Shi ya sa 'ya'yan direbobin tasi da masu kitso da masu aikin kula da tsofaffi suke farawa daga nan, su yi shekara biyu, sannan su ɗauki kiredit ɗinsu su shiga aji uku a jami'a.

Tunda ba a tace kowa a bakin ƙofa, sai a tace a ciki. Wanda aka ga lissafinsa ko rubutun Turancinsa bai kai ba, a tura shi share fage. Wanda ya san makarantar share fagen shiga jami'a ta Funtuwa ko tsarin IJMB a Najeriya zai gane manufar. Bambancin shi ne a can Amurka ɗalibin ya riga ya shiga kwalejin, kuma agogon tallafin kuɗin karatunsa ya fara tafiya.

A fara da kuɗi

Kafin a yi zancen aji, a cike fom ɗin FAFSA a shafin studentaid.gov. Kyauta ne, kuma bisa al'ada ana buɗe shi ranar 1 ga Oktoba domin shekarar karatu mai zuwa. Da shi ake samun tallafin Pell, wanda kyauta ce daga gwamnatin tarayya, ba bashi ba. Mafi yawan abin da aka bayar a shekarar karatu ta 2024/2025 dala 7,395 ne, ka ga ya rufe kuɗin makaranta a CUNY har da ragowar na littafi da mota. 'Yan ƙasa da masu katin zama na dindindin da waɗanda aka ba mafaka su ne suka cancanta. Mai bizar ɗalibi ba ya ciki. Wasu jihohi suna da nasu tallafin a kan na tarayya: New York tana da TAP, kuma tun 2019 ta buɗe tallafin jiha ga wasu ɗaliban da ba su da takardun zama idan sun cika sharuɗɗa.

Wurin da fom ɗin ya fi maƙalewa shi ne ɓangaren iyaye. Ɗalibin da bai kai shekara 24 ba, kuma ba shi da aure ko 'ya'yan da yake ɗauke da nauyinsu, da kuɗin shigar iyayensa ake auna shi, daga takardun haraji na shekara biyu baya. Dole uba ko uwa su buɗe nasu asusun a shafin, su amince a ɗauko bayanansu daga hukumar haraji. Idan mahaifi ya ƙi, don yana tsoron a san abin da yake samu, fom ɗin ba zai kammalu ba, Pell kuma babu. Gara a zaunar da shi tun da wuri a yi masa bayani.

Bayan haka kwaleji za ta aiko da takardar abin da aka ware wa ɗalibi. A karanta ta layi-layi, domin ana jera kyauta da bashi a wuri guda. Bashin yana da kuɗin ruwa, kuma ba dole ba ne a karɓa. Ana iya amsar Pell a ƙi bashin. Gidajen da suke gudun riba su lura da wannan kafin yaro ya danna amincewa da komai gaba ɗaya.

Ƙa'idoji biyu ne suka haɗa tallafin da share fage. Pell yana da iyaka a rayuwar mutum: zangon karatu 12 na cikakken karatu, wato shekara shida. Sannan tallafin tarayya ba ya biyan fiye da kiredit 30 na darussan share fage, ban da darussan koyon Turanci ga baƙi, waɗanda ba a sa su cikin talatin ɗin. Duk zangon da aka ɓatar a darasin 090, daga cikin sha biyun nan aka cire shi. Ɗalibin da zai yi shekara biyu a kwaleji da biyu a jami'a yana buƙatar takwas idan komai ya tafi daidai, kuma ba kasafai komai yake tafiya daidai ba.

Ranar tantancewa

Kwalejoji da yawa suna amfani da jarrabawar ACCUPLACER don sanin ajin da za a sa mutum. A kwamfuta ake yin ta, kowane ɓangare tambayoyi wajen 20, maki daga 200 zuwa 300. Tana bin amsar mai yi: ka ci tambaya ta ba ka mai wuya, ka faɗi ta sauko da kai. Ba a komawa baya a gyara amsa, kuma a yawancin ɓangarori babu ƙayyadadden lokaci, don haka gaggawa ba ta da amfani. Na'urar lissafi tana fitowa a fuskar kwamfutar a wasu tambayoyin ne kawai, sauran da takarda da fensir za a yi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zo yin rajista da safe, a ce wa mutum ya shiga ɗakin can ya yi 'yar jarrabawa, babu ci babu faɗuwa, shi kuma ya shiga haka nan. Gaskiya ne ba a korar kowa saboda ita, amma sa'a biyun nan suna iya jawo masa ƙarin shekara guda. Wanda ya bar makaranta shekara biyar yana tuƙi ko yana aikin shago ya manta raba lamba da kashi cikin ɗari, ba don ya kasa ba, don dai ya daina taɓa su. Mako biyu na bita, sa'a ɗaya kullum, a kan ɓangarorin lamba da kaso da aljabara ta farko, yana iya ɗaga shi mataki guda ko biyu. College Board, masu jarrabawar, suna da tambayoyin gwaji kyauta, Khan Academy ma kyauta ce. A nemi a ɗaga ranar. A kuma tambaya tun kafin a zauna ko ana ba da damar sakewa, da kwana nawa ake jira.

A tafi da sakamakon sakandare. Bincike ya nuna matsakaicin makin shekara huɗu na sakandare ya fi jarrabawar yini ɗaya nuna wanda zai iya, kuma jihohi sun fara aiki da hakan. Kalifoniya ta kafa doka mai lamba AB 705 a 2017 da ta tilasta wa kwalejojinta duba sakamakon sakandare. Fulorida tun 2013 ta cire wa waɗanda suka gama sakandaren gwamnati a jihar dolen shiga share fage. Wanda ya zo da WAEC ko NECO, ko bakaloriya daga Nijar ko Kamaru, ya tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai ko su da kansu suke tantance takardar ko sai an kai wa kamfanin tantance takardun karatu irin WES, ko kuma sai an fassara ta idan da Faransanci take. Wannan aiki yana cin makonni, a fara shi da wuri.

Tsani mai tsawo

Tsohon tsarin share fage tsani ne. Wanda makinsa ya yi ƙasa sosai a lissafi zai yi mataki uku, kowane mataki zango guda, kafin ya taka ajin da ake lissafawa. A takarda abin yana da ma'ana: a gina tushe kafin a ɗora gini. Matsalar tana cikin lissafin ficewa. A ɗauki misali da ɗalibai 100. A ce a kowane mataki uku cikin huɗu suna ci, kuma cikin waɗanda suka ci huɗu cikin biyar suna dawowa zango na gaba. Bayan matakin farko saura 60, bayan na biyu 36, bayan na uku wajen 22. Ba a ma fara karatun gaske ba, kuma wannan aji ne mai ƙoƙari.

Abin da aka gani a zahiri bai yi nisa da misalin ba. Cibiyar binciken kwalejojin al'umma ta jami'ar Columbia ta wallafa a 2010 cewa cikin waɗanda aka tura share fagen lissafi, kashi ɗaya cikin uku ne suka gama tsanin, kuma wajen ɗaya cikin biyar ne suka ci darasin lissafi na matakin kwaleji cikin shekara uku. Da yawa daga waɗanda suka ɓace ba faɗuwa suka yi ba. Sun ci, ba su dawo ba: an canja musu lokacin aiki, an yi haihuwa a gida, kuɗin haya ya taso. Ɗan mai hali yana iya jure wata goma sha takwas na jira. Ɗan talaka kowane hutun zango ƙofa ce ta fita.

Don haka shawarar a nan ɗaya ce: a nemi hanyar da za ta sa ɗalibi ya ci Turanci da lissafi na matakin kwaleji a shekararsa ta farko.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda za mu kira darasin goyo. A takardun kwaleji ana rubuta ta corequisite, kuma da wannan sunan za a tambaye ta. Ana sa ɗalibi kai tsaye a ajin da ake lissafawa, sai a ɗora masa ƙarin sa'a biyu ko uku a mako tare da malami, a bi abin da ya shige masa duhu a makon. Idan ana batun kaso ranar Litinin, ranar Laraba ajin goyo zai koma kan raba lamba, lokacin da ɗalibin ya ga amfaninta. Kwalejin al'umma ta gundumar Baltimore ta fara irin wannan a rubutun Turanci a 2007, jihar Tennessee ta mayar da duk kwalejojinta kansa a 2015, CUNY kuma ta daina tsohon tsarin a 2022. Abin da ke kawo cikas shi ne ɗalibi ya raina ajin goyon don ba shi da kiredit ya riƙa tsallake shi. A wasu kwalejoji rashin halartarsa yana kayar da mutum a babban darasin ma.

A kuma duba wane lissafin ake buƙata. Mai son injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta ba shi da mafita sai aljabara har zuwa kalkulas. Mai son aikin jin daɗin jama'a ko ilimin halayyar ɗan Adam ko aikin jarida, ƙididdiga, wato statistics, ce take yi masa amfani, kuma yawancin jami'o'i suna karɓar ta. A wani gwaji da aka yi a kwalejoji uku na CUNY, an raba ɗaliban da aka ce suna buƙatar share fage ta hanyar ƙuri'a: kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka sa a ƙididdiga mai goyo suka ci, kashi 39 na waɗanda aka sa a aljabarar share fage. Na farkon sun tafi da kiredit, na biyun ko da sun ci ba su samu ba. Sai dai a tabbatar da fannin da ake so kafin a zaɓa, domin wanda ya bi ƙididdiga daga baya ya ce injiniyanci yake so, sai ya dawo ya ɗauko aljabara.

Akwai wanda goyo ba zai ishe shi ba, wanda gibinsa ya yi faɗi a karatu da rubutu da lissafi duka. Irin wannan ya nemi shirin da ake yi a dunƙule kafin a fara taɓa tallafi. CUNY Start, wanda aka fara a 2009, zango guda ne, sa'a 25 a mako ga mai cikakken lokaci, sa'a 12 ga mai rabin lokaci, kuɗinsa ya daɗe a dala 75 har da kayan karatu. Ƙaninsa Math Start lissafi ne zalla, mako takwas, ana yawan yin sa lokacin dogon hutu. Amfaninsu shi ne Pell yana nan a ajiye. Illarsu kuma ita ce a wannan zangon babu ragowar Pell da za a yi cefane da ita, kuma sa'a 25 a aji ba ta haɗuwa da aikin dare. Binciken da aka yi a kan CUNY Start ya nuna yana taimakawa ƙwarai wajen tsallake shingen lissafi, amma bayan shekara uku bai nuna wani bambanci a yawan masu kammalawa ba. Magani ne na matsala guda, kada a ɗora masa abin da ya fi haka.

Wanda Turanci ne matsalarsa, kamar ɗalibin da ya yi sakandare da Faransanci a Damagaram ko Maraɗi, ya bambanta da wanda bai iya rubutu ba, kuma ya faɗi haka a ofis don a yi masa gwajin da ya dace. Ajin koyon Turanci na manya, wanda kwalejoji da ɗakunan karatu na gari suke yi, yawanci kyauta ne ko da kuɗi kaɗan. CUNY tana da CLIP, sa'a 25 a mako, shi ma ba ya taɓa tallafi. A ƙare da waɗannan kafin a shiga darasin Turanci mai cin Pell.

Wanda ba shi da takardar sakandare kwata-kwata, GED zai fara, wato jarrabawar da take tsayawa a matsayin takardar sakandare. Fanni huɗu ne: Turanci, lissafi, kimiyya da zamantakewa, ana cin kowanne da maki 145. Wanda ya samu 165 a fanni, kwalejoji da dama suna yafe masa tantancewa a wannan fannin, don haka wanda ya ga zai iya kada ya tsaya a 145. Jihar Washington tana da tsarin I-BEST, inda malamai biyu suke shiga aji ɗaya, ɗaya na koyar da sana'a kamar walda ko aikin jinya, ɗaya na koyar da Turanci da lissafin da sana'ar take buƙata.

Iyayen da yaransu suke sakandare suna da hanya mafi arha duka. Yaro yana iya ɗaukar darussan kwaleji tun yana aji 11 ko 12, wato shekara biyun ƙarshe na sakandare, kyauta ko kusan kyauta: College Now a New York, Running Start a Washington, Career and College Promise a North Carolina, inda 'yan Nijar mazauna Greensboro suke da kwalejin Guilford Tech a kusa. Shirin Upward Bound na gwamnatin tarayya, wanda ya samo asali a 1964, yana ɗaukar 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda iyayensu ba su yi digiri ba, yana ba su ƙarin darasi da karatun dogon hutu. Gargaɗi ɗaya: makin da yaro ya samu a darasin kwaleji yana zama a tarihin karatunsa har abada, mai kyau ko mara kyau.

Riƙe tallafin

Pell yana da sharaɗin ci gaba. A yawancin kwalejoji sai matsakaicin maki ya kai 2.0 cikin 4.0, sai an ci wajen kashi 67 cikin ɗari na kiredit ɗin da aka yi rajista, kuma a gama kafin a wuce kiredit 90 a karatun da tsawonsa 60 ne. Janyewa daga darasi bayan makonnin farko ana lissafa shi a matsayin an gwada ba a ci ba. Ɗalibin da ya yi rajistar darasi huɗu, kiredit 12, ya ajiye biyu a tsakiyar zango, ya koma kashi 50. Za a yi masa gargaɗi zango guda, idan bai gyara ba a tsayar da kuɗin. Wanda kuma ya daina zuwa gaba ɗaya kafin zango ya kai kashi 60 cikin ɗari, za a mayar wa gwamnati wani ɓangare na tallafin, kwalejin ta biyo shi bashi, ta hana shi sabuwar rajista sai ya biya. Tafiya gida ganin mara lafiya ko zaman makoki na wata guda tana iya jawo wannan. Kafin a sayi tikiti a shiga ofishin tallafi, a ajiye takardun asibiti ko na rasuwa, domin ana ɗaukaka ƙara kuma da takarda ake ci.

Duk inda aka samu shirin da ke haɗa mashawarci da kuɗin mota da littafi, a shiga tun ranar farko, domin gurabe suna cika. Fitaccensu shi ne ASAP na CUNY, wanda aka fara a 2007: yana cike gibin kuɗin makaranta, yana ba da katin jirgin ƙasa da bas da kuɗin littafi, da mashawarcin da dole a riƙa gani a kai a kai, shi kuma ɗalibi ya yi cikakken karatu. Ƙungiyar bincike ta MDRC ta gwada shi a kan ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi da ke buƙatar share fage, ta samu kashi 40 cikin ɗari sun kammala cikin shekara uku, waɗanda ba sa ciki kashi 22. Kwalejoji uku a jihar Ohio sun kwaikwaya, sun samu sakamako mai kama da haka. A wasu wuraren sunan da za a nema shi ne TRIO.

Sauran aiki shi ne tsallakawa jami'a, kuma nan ma ana asara. Wani rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka na 2017 ya ƙiyasta cewa masu canja makaranta suna rasa wajen kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Tun zango na biyu a zaɓi jami'a biyu da fanni guda, a nemi takardar yarjejeniyar karɓar darussa da ke tsakaninsu da kwalejin, a riƙa ɗaukar abin da ke cikinta kawai. A lura da nau'in shaidar kammalawa da kwalejin take bayarwa: AA da AS don wucewa jami'a aka tsara su, AAS don kama aiki ce kuma ba duk darussanta ake karɓa ba. Kalifoniya tana da shaidar da ke lamunce wa mai ita gurbi a tsarin jami'o'in CSU, Fulorida ma tana lamunce wa mai AA gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar. Idan mashawarci ya ce za a karɓi darasi, a roƙe shi ya rubuta a imel, a kuma tambaya ko a cikin fannin za a lissafa shi ko a cikin darussan zaɓi, domin na zaɓi ba ya rage abin da ya saura a fannin. A ajiye takardar manhajar kowane darasi da malami ya raba a makon farko. Ita jami'a za ta nema idan aka yi gardama.